Akwatunan gefen babur: mangalar zamani da yadda ake zaɓen ta don hanyoyin Damagaram

A jahar Damagaram babur ya daɗe da wuce abin zagaya gari. Shi ke kai ma'aikacin lafiya ƙauyukan Tanut, shi ke kai malamin makaranta bakin aikinsa a Dungas, shi ke kai ɗan koli kasuwar Mirya ranar Lahadi. Sai dai har yanzu akasarin matafiya a bayan kariya suke tara kayansu, su ɗaure da robar da aka yanko daga tsohuwar taya, kayan su yi tsiri sama da kan mai tuƙi. Rana ta dake su, ƙura ta shige su, in ruwa ya sauko takardu su jiƙe, in an tsaya salla ko cin abinci hankali yana can wurin babur.

Wannan ne ya sa masu doguwar tafiya ke sha'awar akwatuna masu tauri da ake kafawa dama da hagu a bayan babur, irin waɗanda ake gani a manyan baburan ƴan yawon duniya. Akwatin yana da amfani ƙwarai, amma yana sauya yadda babur ke tafiya, yadda yake juyawa da yadda yake tsayawa. Wanda ya saya don kyau ko don girma kawai, bai duba nauyi da hanyar da zai bi ba, yana iya sayo wa kansa karaya.

Darasin da ayari ya bari

Raba kaya gida biyu a kan abin hawa tsohon ilmi ne a wannan ƙasa. Tun zamanin da Zango ke karɓar ayarin Agadas, na Kano da na Borno, a ƙarni na 19 lokacin Sarki Tanimun, madugu ba ya barin raƙumi ya tashi sai an daidaita kayan ɓangare biyu. Kantun gishirin Bilma haka ake ɗaure shi, dama da hagu, nauyi ɗaya. Mai jaki ma ya san in mangala ta rinjaya gefe guda, ko dai ta zame, ko ta yi wa dabbar miki.

Akwatin gefen babur mangala ce, ƙa'idarta ba ta canja ba: nauyi ya sauko ƙasa, ya matso kusa da tsakiya, ya yi daidai a ɓangarorin biyu. Bambancin shi ne jaki yana gyara tafiyarsa da kansa in kaya sun karkata, babur kuwa sai dai ya kai mai shi ƙasa. Fa'idar farko ta akwatin gefe ke nan a kan buhun da aka ɗora a kariya. Kayan da ke sama kuma can baya suna sauƙaƙa tayar gaba, kan babur ya riƙa rawa. Kayan da suka sauko gefen tayar baya suna barin babur ya zauna da kyau.

Iri uku da ake samu

Na farko shi ne na roba mai tauri. Kamfanin Givi na ƙasar Italiya da Shad na ƙasar Sifen sun yi suna a kansa, kuma akwai kwaikwayo masu yawa da ake yi a ƙasar Sin. Ba shi da nauyi sosai, gefensa a lanƙwashe yake, yawanci makulli ɗaya ke buɗe shi kuma ya cire shi daga jikin babur. Ya dace da kwalta, misali hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Damagaram zuwa Maraɗi ko zuwa Gure. Matsalarsa biyu ce. In ya fashe da wuya a gyara shi ya koma kamar da. Sannan roba marar inganci, in ta sha ranar watan Afirilu da Mayu shekara biyu ko uku, takan bushe ta soma tsagewa daga wurin maƙalawa.

Na biyu shi ne na alminiyom, irin wanda kamfanonin Jamus kamar Touratech da SW-Motech suke yi, Givi ma yana da nasa. Mai kusurwa huɗu ne, murfinsa a sama, yakan ɗauki lita 30 zuwa 48. In babur ya faɗi yakan lotsa ne maimakon ya fashe, kuma maƙeri na iya buga shi ya miƙe, ko da yake bakin murfin ba lallai ya sake rufuwa ruf ba. Kowane ɗaya yakan kai kilo 5 zuwa 6 babu komai a ciki. Alminiyom da ba a yi wa rufi ba yana gogar kaya ya bar baƙi, don haka farar riga ko takarda sai an sa su cikin jaka tukuna.

Na uku shi ne na gida, wanda mai walda zai yanka ya haɗa da farantin ƙarfe. Shi ya fi araha, ana yin sa daidai awon babur, kuma duk garin da aka isa akwai mai gyara shi. Amma ƙarfe ya fi alminiyom nauyi kusan ninki uku in kaurinsu ɗaya, yana tsatsa, kuma in ba a lanƙwashe bakinsa an goge kusurwoyinsa ba, wuƙa ce a kusa da ƙafa. Wanda zai sa a yi masa, ya nemi faranti marar kauri, a naɗe bakin, a zagaya murfin da roba, a shafa fenti mai haske ciki da waje.

A ƙasashen waje wasu matafiya kan mai da tsofaffin akwatunan harsashi na soja su zama akwatin babur. A halin tsaron da ake ciki a Nijar wannan neman fitina ne a kowane shingen jandarma, ko da akwatin babu komai a ciki. A guje shi, a kuma guji fenti mai kama da na kayan soja.

Nauyi ne abin lissafi, ba girma ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi akwati mafi girma. Kamfanoni da dama suna rubuta cewa kada a wuce kilo 10 a kowane akwati. Kilo 10 kuwa tiya huɗu ce ta hatsi, in an lissafa tiya a kan kilo biyu da rabi. Akwati mai lita 37 in aka cika shi da hatsi har baki zai haura kilo 25, ya wuce ninki biyu na abin da aka yi shi dominsa. Girman akwatin an yi shi ne don tufafi, bargo da sauran kaya masu cika wuri ba nauyi.

Sannan akwai iyakar babur ɗin kansa. Waɗannan akwatuna an ƙera su ne da manyan babura a rai, irin su BMW GS ko Yamaha Ténéré. Baburan da suka cika titunanmu kuwa, su Kasea, Haojue, Boxer da TVS, ƙananan injuna ne na 100 zuwa 150. Kowane babur yana da adadin nauyin da kamfani ya amince ya ɗauka, a rubuce cikin ɗan littafin da ake ba da shi tare da shi. A ce littafin ya rubuta kilo 150. Mai tuƙi ya ci 70. Akwatuna biyu na alminiyom da ƙarfen da ke riƙe su kan kai kilo 15 tun ba a sa komai ba. Kaya kilo 20 a ciki, an kai 105. In aka goya babban mutum mai kilo 65, an kai 170, an wuce iyaka, kuma ba a lissafa ruwan sha ba. Don haka ga ƙaramin babur, akwati mai lita 20 zuwa 30 a kowane gefe ya wadatar, kuma ranar da za a goya mutum sai a rage kaya.

Faɗi ma abin dubawa ne. Akwatin alminiyom mai lita 37 yana da kauri kusan santimita 25, mai lita 48 kusan 30. In an haɗa biyu da jikin babur, bayan na iya kai mita ɗaya. Ƙa'idar da matafiya suka saba bi ita ce kada baya ya fi kan babur faɗi, domin mai tuƙi da hannuwansa yake auna inda zai shige. Wanda ya manta da faɗin bayansa a lungunan Birni, ko a cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis tsakanin adaidaita da amalanke, zai kama wani abu ko wani mutum.

Ƙarfen da ke riƙe akwati

Mutane kan zuba ido a kan akwati, alhali abin da ya fi lalacewa shi ne ƙarfen da ke riƙe shi. Hanyar burji mai kunya-kunya tana girgiza shi sau dubbai a tafiya ɗaya, kuma daga nan walda ke tsagewa, noti ya kwance.

Ƙarfe mai kyau yana kama jikin babur a wuri uku a kowane gefe, kuma akwai sanda da ta ratsa ta baya ta haɗa dama da hagu, don kada akwatunan su riƙa lilo zuwa cikin taya. Ya fi kyau a ɗaure shi da noti a wuraren da kamfani ya tanada, kamar wurin kariya da wurin matakin fasinja. Yin walda kai-tsaye a kan ƙashin babur yana raunana ƙarfen, kuma in ya tsage a nan, gyaran ya fi na akwati tsada nesa ba kusa ba. A sa noti mai roba a ciki ko a ninka noti biyu.

Bututun hayaƙi yana buƙatar kulawa ta daban. A bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu tsakaninsa da akwati, kuma hayaƙin kada ya riƙa bugun gindin akwatin. Roba tana narkewa, ƙarfe kuma yana kai zafin ga abin da ke ciki. A manyan babura masu bututu a sama, akan sa ƙaramin akwati a gefen bututun, babba a ɗaya gefen, don faɗin ya zo daidai. A tabbata akwatin bai rufe fitilar baya da na nuna hannu ba, bai hana fasinja ajiye ƙafa ba, kuma bai taɓa sarƙa ko taya ba lokacin da sifirin ya nutse. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: mutum biyu su hau, su danna babur ƙasa da ƙarfi, na uku ya duƙa ya duba.

Rairayi: inda akwati mai tauri ke zama haɗari

Wannan shi ne abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa. A cikin rairayi mai zurfi, mai babur yakan sauke ƙafa yana dogarawa. In ƙafar ta nutse ko ta kama kututture alhali babur na gaba, akwatin da ke baya zai zo ya same ta. Ƙarfe ba ya lanƙwasa wa ƙashi. Karayar ƙwauri da ta idon sawu ta wannan hanya sananniya ce a wurin masu ratsa Sahara da babur, shi ya sa da yawansu suka fi son jakunkuna masu laushi a hanyar rairayi.

Saboda haka zaɓi ya bi hanyar da mutum ya fi bi. Wanda aikinsa ke kan kwalta da burji, tsakanin Damagaram, Takeita, Matamaye da Magariya, akwati mai tauri zai yi masa amfani. Wanda yake sauka daga kwalta a Gure ya nufi Tesker, ko yake shiga ƙauyukan Belbeji da na arewacin Tanut, jaka mai laushi ta tamfol ko ta fata ta fi masa aminci. Dukawan Damagaram sun shahara da aikin fata tun da daɗewa, kuma ɗinka jaka biyu masu haɗe da juna ba baƙon aiki ba ne a wurinsu. Abin da ake buƙata shi ne ƙarfe a ciki da zai hana jakar taɓa taya da bututun hayaƙi.

In dole ne a shiga rairayi da akwati mai tauri, a kafa shi can baya gwargwadon yadda ba zai sauƙaƙa gaba ba, a zaɓi mai lanƙwasasshiyar kusurwa ta gaba, a sa takalmi mai rufe idon sawu, a bar ƙafa a kan mataki muddin babur yana tafiya.

Zafi, ƙura da ruwa

A bazara zafin Damagaram yana wuce digiri 40 a inuwa. Rufaffen akwati baƙi da aka bari a rana yana wuce haka sosai a ciki. Waya, kwamfuta, batir da magunguna ba sa son wannan. Fenti fari ko launin alminiyom yana rage zafin, haka ma shimfiɗa kwali ko soso a jikin bango ta ciki. Allurar rigakafi kuwa, wadda yawancinta ake ajiyewa tsakanin digiri 2 da 8, wurinta shi ne akwatin sanyi da aka tanada mata. Akwatin babur ba ya maye gurbinsa.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Tana shiga ta bakin murfi da ramin makulli. Kafin saye a gwada: a sa farar takarda a ciki, a rufe, a watsa ruwa da buta ta kowane gefe, a buɗe a gani. In ruwa ya shiga, ƙura ma za ta shiga. Makulli kada a zuba masa man inji, domin man yana riƙe ƙura ya zama taɓo. A goga masa bakin fensir, a rufe ramin da ƴar roba.

Da damina, musamman a Yuli da Agusta, kwaruruka na kudancin jaha wajen Korama suna kawo ruwa ba zato. Akwati rufaffe yana ba ruwa faɗin da zai tura, kuma yana ɗaga bayan babur kamar gora. In ruwa ya kai gindin akwati kuma yana gudu, a jira ya janye. Takardu masu muhimmanci ko yaushe su shiga leda kafin su shiga akwati.

Yadda ake shirya kaya

Mai nauyi ya shiga ƙasa kuma ta gaba: kayan gyara, famfo, kayan faci, ruwan sha. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lissafinta ba wuya. Mai sauƙi ya hau sama. A ɗaga kowane akwati da hannu, ko a auna a sikelin mai shago, bambancin kada ya wuce kilo ɗaya ko biyu. A cike gurbi da tufafi don kada kaya su riƙa kai da komo, saboda ƙarfen da ke yawo a ciki yana huda bango a hankali.

Fetur kada ya shiga rufaffen akwati, balle na gefen bututun hayaƙi. Tururinsa yana taruwa, kuma a faɗuwa tartsatsi ɗaya ya isa. Wanda zai bi doguwar hanya kamar ta Tanut zuwa Agadas, wadda ta kai kusan kilomita 450 daga Damagaram, ya ɗauki man a jarkar da aka yi domin mai, a ɗaure a waje inda iska ke bugu, nesa da zafi.

Takardun babur, katin shaida, kuɗi da waya su zauna a jikin mutum. Makullin akwati yana hana mai saurin hannu ne kawai, ba ya hana wanda ya zo da ƙarfe kuma ya samu lokaci. In za a kwana, a cire akwatin a shiga da shi ɗaki, ko a kwashe abin da ke ciki.

A shingen jandarma, na ƴan sanda ko na duwan, kamar a Ɗan Barto kan hanyar Kano, za a ce a buɗe. Akwati mai murfi a sama ya fi sauƙi a nan, domin mai buɗewa ta gefe yakan zubo da kaya ƙasa. Rasit na kayan sayarwa ya kasance a sama. Kuma kada a karɓi saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, tunda mai akwati ne zai amsa tambaya. Masu nufin gabas su tuna cewa an taɓa hana zirga-zirgar babura a jahar Diffa a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta 2015, kuma irin waɗannan matakai suna canjawa daga wuri zuwa wuri. A tambayi hukuma kafin a kama hanya.

Tuƙi da akwati a cike

Babur mai kaya wani babur ne daban. Birki yana buƙatar tazara mai tsawo. Iskar gefe, wadda ke da ƙarfi a fili tsakanin Damagaram da Tanut, da iskar babbar mota mai wucewa, suna samun wurin turawa. A kwana akwatin na iya taɓa ƙasa in an kwanta da yawa. Baya yana nutsewa, fitilar gaba ta ɗaga sama ta shiga idon mai zuwa, sai an sunkuyar da ita.

Kafin tafiya a ƙara iskar tayar baya daidai yadda littafin babur ya nuna don ɗaukar mutum biyu. A ɗaure sifirin ɗin baya mataki ɗaya ko biyu, yawancin ƙananan babura suna da wurin yin haka. A duba sarƙa bayan an ɗora kaya kuma mai tuƙi yana zaune, domin a wannan hali ne ake gane ko ta yi tauri. A liƙa abu mai ƙyalli a bayan kowane akwati, don mai mota da dare ya gane faɗin abin da ke gabansa. Hular kwano kuma wurinta kai ne, ba cikin akwati ba.

Kafin a biya kuɗi

Mai saye ya je da babur ɗinsa, a gwada a jikinsa. Ya girgiza akwatin da ƙarfi bayan an kafa, in yana motsi a tsaye zai yi fiye da haka a burji. Ya duba maƙalan murfi, ko na ƙarfe ne ko na roba. Ya nemi makulli biyu. In na hannu ne, ya duba tsagewa a gindi da wurin maƙalawa, ya ɗora murfin ya ga ko yana zama daidai. Sunan babban kamfani da aka manna a jiki ba hujja ba ne, kwaikwayo ya yi yawa, ingancin makulli da na robar murfi ne ke nuna gaskiya.

Bayan an kafa, kada tafiyar farko ta zama doguwa. A cika akwatunan da nauyin da za a saba ɗauka, a je Mirya a dawo, kilomita kusan 18 kowace fuska. A gwada birki a inda babu mutane, a saurari ƙara, a taɓa gefen bututun hayaƙi a ji zafinsa. Da an dawo a bi noti ɗaya bayan ɗaya a sake ɗaurewa, a kuma maimaita haka kowace safiya a kwanakin farko na tafiya.